Hanyar Abuja zuwa Kano: wa zai auna lodin?

Wata Juma'a na yi sammako daga Kubwa, na shiga Sharon a tashar Zuba, za ni Zariya ɗaurin auren ɗan yayata da aka sa bayan an sauko masallaci. A lissafina, ko an yi jinkirin cika mota, ƙarfe goma sha ɗaya ta yi mini a Tudun Wada. Sha ɗayan ta yi, amma a Tafa ta same ni.

Tirela ce ɗauke da masara ta karye a tsakiyar hannu ɗayan da aka bar wa masu zuwa da masu komawa, don ɗaya hannun ana aiki a kansa. Ta durƙusa kamar raƙumin da ya gaji. Masu gaggawa suka yi ta kutsawa ta gefe har suka haɗa layi huɗu a inda biyu ma da ƙyar, aka cushe gaba da baya. Masu ruwan leda da rake da dafaffen ƙwai suka ci kasuwarsu.

Wani dattijo da ke zaune gaba ya waiwayo ya ce mana, "Samari, ku ƙara haƙuri, saura ƙiris. Da an gama zuba kankaren nan shi ke nan, mun huta har jikokinmu." Wata Hajiya a baya ta ce, "Allah Ya sa, Alhaji." Duk muka ce amin.

Ni ma na ce amin, amma sai na sauka na taka zuwa wajen tirelar. An ƙara wa bodinta tsawo da ƙarafa, ga tabon walda nan ɓaro-ɓaro. Buhuna sun haure ƙarin ma, an ja tamfol an ɗaure da igiya, a can ƙololuwa kuma ga babura biyu a kwance. Na tambayi yaron motar, "Abokina, buhu nawa kuka ɗora mata?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, iya abin da ta ɗauka."

Amsar yaron nan ta fi cunkoson ɓata mini rai, kuma ita ce ta sa ban yarda da maganar Alhaji ba. Ra'ayina shi ne: lodi ne ya kashe tsohuwar hanyar nan, kuma shi zai kashe sabuwar, ko da kwalta aka yi ta ko da kankare. Muddin ba a kafa sikelin auna manyan motoci ba, aka kuma soma mayar da kaya masu nauyi kan jirgin ƙasa da bututu, to kuɗin da ake narkarwa yanzu 'ya'yanmu za su sake narkar da irinsa.

Hanyar da muke magana a kanta

A takarda sunanta A2. Ta taso tun daga Fatakwal, ta bi Warri da Benin da Okene da Lokoja, ta ratsa gefen Abuja, ta wuce Kaduna da Zariya da Kano, har Daura da iyakar Nijar a Kwangwalam. Yankin da ya dame mu shi ne na Zuba zuwa Kano, kimanin kilomita 375: wajen 165 zuwa Kaduna, 73 daga Kaduna zuwa Zariya, 137 daga Zariya zuwa Kano.

Zamanin Janar Babangida aka mayar da ita tagwaye, daidai lokacin da ake shirin dawo da fadar gwamnati Abuja, abin da ya tabbata a Disambar 1991. Ina ɗalibi na fara bin ta. A lokacin Fijo 504 da 505 ƙirar Kaduna ne ke lodi, kuma daga Zuba zuwa Kaduna ba ta kai ka awa biyu. Ka wuce Dutsen Zuma da hantsi, ka yi azahar a Zariya ba tare da ka ji gajiya ba.

Duk wanda zai shiga Abuja daga Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara ko Sakkwato, kusan dole ya taka ta. Haka tumatirin Kadawa da Kura, hatsin Dawanau, shanun Wudil da Maigatari, albasar Sakkwato da Kebbi. Daga kudu kuma mai da siminti da rodi da kwantenoni ke hawowa. A shekarun da hanyar Birnin Gwari ta gagara saboda ramuka da 'yan bindiga, manyan motocin da a da ke bi ta Tegina su shiga Kaduna suka koma bi ta Bida da Lambata, su faɗo a Dikko. Nauyin hanya biyu ya koma kan ɗaya.

A Disambar 2017 gwamnatin Buhari ta ba Julius Berger aikin gyaranta a kan naira biliyan 155, da wa'adin wata 36. A Maris 2021 aka ce gyara ba zai yi ba, sai an tone an sake, kuɗin ya koma biliyan 797. Har da wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 aka ware mata. A Mayun 2023, ana saura kwanaki Buhari ya sauka, aka ƙaddamar da abin da aka gama tsakanin Kaduna da Kano. Yankin Abuja zuwa Kaduna ya tsaya, har a Nuwambar 2024 ma'aikatar ayyuka ƙarƙashin David Umahi ta soke kwangilar, aka ba wani kamfanin, aka ce wannan karon da kankare za a yi.

Duk wannan labarin kowa ya haddace shi. A majalisa da rediyo da Facebook ba a rasa mai kawo shi. Abin da ban cika jin ana tambaya ba shi ne me ya cinye ta farkon.

Lissafin da ba a son ji

Injiniyoyi ba sa auna wahalar hanya da yawan motoci. Da nauyin da ke kan kowane aksul suke aunawa, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da na dama. Tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 aka gano cewa ɓarnar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, tsalle take yi. In ka ƙara rabin nauyin da aksul ya kamata ya ɗauka, ɓarnar da zai yi wa hanya ta ninka kusan sau biyar. In ka ninka nauyin biyu, ɓarnar ta ninka sau 16.

Ke nan Sharon ɗinmu da Golf da ƙananan motocin gida, ko dubu nawa suka wuce, hanya ba ta ma san sun wuce ba. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin "iya abin da ta ɗauka" tana iya yin aikin tireloli biyar ko goma a tafiya guda. Hanyar da aka ƙera don ta yi shekara ashirin sai ta tsufa cikin shekara biyar ko shida, alhali ba a saci ko shebur ɗaya na tsakuwa ba.

Doka kuwa akwai ta. Ƙasashen ECOWAS sun amince da iyakar nauyi tun 2012, tan 11.5 a kan aksul ɗaya, Najeriya kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018. Amma ni dai shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa ganin an tsayar da tirela an ɗora ta a sikeli ba. An tsayar da ita don takardu, na gani. An tsayar don na goro, na gani ba adadi.

"Ai 'yan kwangila ne da ɓarayin gwamnati"

Wannan ce amsar farko da nake samu duk inda na ta da maganar, kuma ban ce ƙarya ba ce. Aikin da aka ce wata 36 ya haura shekara bakwai, kuɗinsa ya ninka biyar, dole mutane su yi tambaya, kuma haƙƙinsu ne a ba su amsa dalla-dalla. Ni ma ina cikin masu tambayar.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. In ka samu kanka a duk wata tagwayen hanya da ta kwana biyu, ka dubi layin dama, wanda manyan motoci ke bi, ka kwatanta shi da na hagu. Na dama za ka ga kwalta ta yi kunya-kunya kamar gonar dankali, sawun taya ya lotsa, tsakiya ya tashi, har ƙaramar mota kan kartar cikinta. Na hagu kuwa da sauran ƙwarinsa. Kamfani ɗaya ya shimfiɗa su, da kwalta ɗaya, a rana ɗaya. Da aikin banza ne kaɗai matsalar, tare za su mutu.

Daga nan kuma damina ta karɓa. Ruwa ya kwanta a lotsin, ya samu tsaga ya shiga ƙarƙashi, ƙasa ta jiƙe ta saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da a watan Yuni bai fi faranti ba, kafin Satumba ya isa ya haɗiye tayar Golf.

Abin da ya sa muke son zancen ɗan kwangila shi ne yana nesa da mu. Zancen lodi kuwa ya shigo gida. Mai masarar ɗan'uwanmu ne, mai motar Alhajin unguwarmu ne, direban tare muke sallah.

"Za ka tsauwala wa talaka abinci"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma daga bakin kawuna na fi jin ta. Ya yi shekara fiye da talatin yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin idanunsa su sa shi ajiye tuƙi. Da na kai masa maganar nan bayan biki, sai ya gyara zama ya ce, "Ɗana, kai a ofis kake. Ka san nawa ake shan gas daga Dawanau zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas? Ka san shinge nawa ne a hanya, kowanne da hannu a miƙe? In ban ƙara buhu ɗari ba, da me zan biya su, me zan kai wa mai mota, me zan kawo gida?"

Na ce, "Kawu, to taya nawa kake fasawa a wata? Sifirin nawa ka karya? Kwana nawa kake yi a hanyar da a da kake yi a kwana biyu?" Ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan kuma sai Allah.

Ban ce kuɗin dako ba zai motsa ba in aka hana wuce kima. Zai motsa, musamman a farko, kuma duk wanda ya ce maka ba haka ba yaudararka yake yi. Amma kuɗin nan muna biyan sa yanzu ma, ta bayan gida. Kwandon tumatirin da ya kwana biyu a cunkoson Tafa ya isa kasuwa rabinsa ruwa, mai saye ne ke biyan rabin da ya ruɓe. Saniyar da ta faɗi a mota aka yanka ta a bakin hanya, mahaucin Dei-Dei zai fanshe a kan kilo. Gas ɗin da mota ke ƙonawa tana tafiyar hawainiya a giya ɗaya, da tayar da rami ya fasa, duk a kan mudun masara suke sauka.

Akwai kuma wani zalunci da ba a lura da shi. Yau direban da ya tsaya a kan ƙa'ida shi ne wawa. Mai kaya zai tsallake shi ya ba wanda zai kwashe masa lodin mota ɗaya da rabi a kuɗin mota ɗaya. Da sikeli na hawa kan kowa, da kuɗin dako ya daidaita a kan gaskiyar nauyi, kayan da mota biyu ke ɗauka yanzu ya koma na mota uku. Wannan ƙarin aiki ne ga direbobi da yaran mota.

Shi ya sa nake ganin tarar bai kamata ta tsaya kan direba ba. Direba ba shi ke yanke yawan lodi ba, umarni ake ba shi. Mai kaya da mai mota da wurin da aka yi lodin, su ya kamata takarda ta bi.

"Sikelin ma wani shingen karɓar na goro zai zama"

Nan kam na sara wa mai wannan magana. In dai sikelin irin wanda za a kafa rumfa ne a bakin hanya, a sa mutum uku da sanda da littafin rasit, to gara ma kada a fara. Cikin wata ɗaya za a san farashin wucewa, lodi ya ci gaba yadda yake, an dai ƙara wa kawuna hannu ɗaya da zai cika.

Amma ba dole sai haka ba. Kaya masu nauyin gaske ba daga ko'ina suke tasowa ba. Wuraren ƙididdigaggu ne: tashoshin jiragen ruwa, defo-defon mai, masana'antun siminti da taki da fulawa, wuraren fasa dutse, da manyan kasuwanni irin Dawanau. Da yawansu ma suna da sikeli a bakin ƙofa, don da shi suke sanin abin da suka sayar. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 600 tan 30, buhu 900 tan 45, ba wanda ke lodin wannan bisa kuskure. A wajabta cewa mota ba ta fita sai da takardar nauyinta, in kuma aka kama ta a hanya ta zarce, masana'antar ce za ta amsa.

A kan hanyar kuma akwai sikelin da ake binnewa a cikin titi, mota na tafiya yana auna ta, kyamara ta ɗauki lambarta, takardar tara ta tafi ofishin kamfanin ba tare da kowa ya miƙa wa kowa hannu ba. Kada a ce mini wannan sai Turai. Tun Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin tolget a hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya da Makurɗi, da tsarin biya ta kati. Gwamnatin da ta iya kafa na'urar karɓar naira 500 daga hannun mai ƙaramar mota ba za ta ce na'urar auna tirela ta gagare ta ba.

Kuma a fara da manya. In aka fara da mai tsohuwar Daf guda ɗaya da yake ci da iyalinsa da ita, aka ɗauke kai daga kamfanin da ke da motoci dubu, to an kashe dokar tun ranar farko, kuma ni ma zan bi sahun masu zagin ta. A zauna da NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, da ƙungiyoyin direbobi, a ba da wa'adi, a sanar a tasha-tasha da Hausa, sannan a fara.

Tun da na ambaci tolget: Obasanjo ya rushe su a farkon 2004, amma har gobe in ka kusa shiga Kaduna akwai inda ake kira Tolget, suna ya rage ginin ya tafi. Ina kyautata zaton za su dawo wannan hanyar in an gama ta. In za su dawo, a ɗora kuɗin a kan nauyi. Ba daidai ba ne motar da ke yin ɓarnar dubban ƙananan motoci ta biya ninki uku kacal na abin da mai Golf ya biya.

"Ai kankare ne yanzu"

Wannan ita ce maganar Alhajin gaban mota. Gaskiya ne kankare mai rodi ya fi kwalta jure nauyi da zafi, ba ya yin kunya-kunyar nan. Amma shi ma da lissafi aka zuba shi, an ƙiyasta nauyin da zai ɗauka da yawan shekarun. In aka zarce, tsagewa yake yi, kuma gyaransa ba irin na kwalta ba ne da za a kawo tifa ɗaya a cike rami a wuce. Sai an yanke an fasa an sake zubawa, an rufe hannun an jira ya bushe. Gadoji da kwalbatoci kuma suna nan yadda suke, nauyin duk a kansu zai bi.

Ga wani abin da ke ba ni tsoro. Ramuka, duk da muninsu, suna tilasta wa kowa rage gudu. Ranar da hanya ta zama sumul daga Zuba har Kaduna, tirelar da ke ɗauke da abin da ya fi ƙarfin birkinta za ta samu filin gudu. Wanda ya taɓa ganin babbar mota ta tsinke a gangara ya san abin da nake nufi. Tsugune ba ta ƙare ba.

To kayan ina za su bi?

Inda suke bi a da. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kuma dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hotuna ba a tirela ta tafi Legas ba, a tarago ta tafi. Auduga da fatu da shanu haka. Mai kuma, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, aka shimfiɗa bututu zuwa defo-defo irin na Suleja da Kano da Gusau da Jos, tanka ta ɗauka daga nan ta kai gidan mai na kusa. Da layin dogo ya mutu, bututu ya zama na ɓarayi, matata ta yi shiru, sai duk wannan nauyin ya sauko kan kwalta. Yau litar man da za a sha a Gusau ko Katsina sai ta yi tafiyar kilomita wajen dubu a bayan tanka.

Tankokin ma girma suka yi ta yi. Daga lita 33,000 aka koma 45,000, aka kai 60,000. Ranar 18 ga Janairun 2025 irin wannan mai lita 60,000 ta faɗi a mahaɗar Dikko, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka ƙone. Allah Ya jiƙansu. Bayan wannan ne hukumar kula da harkar mai ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na shekarar. Ashe dai ana iya taƙaita lodi da sanarwa guda, a defo, ba tare da an kafa shinge ko ɗaya ba. Abin takaicin shi ne sai da aka yi kabarin bai-ɗaya.

Layin dogo na zamani daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kilomita 186, yana aiki tun Yulin 2016, amma fasinja ya fi ɗauka. An ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano a 2021. Akwai tashar tsandauri ta sauke kwantenoni a Kaduna tun 2018, akwai ta Dala a Kano tun 2023. Duk gutsattsarin suna nan a warwatse, ba a ɗinke su ba. Da ni ake shawara, da na ce duk naira goma da za a kashe kan hanyar nan, a nemi wata a kashe wajen ganin siminti da taki da kwantena sun hau tarago. Direbobi ba za su rasa aiki ba. Jirgi ba ya shiga Giwa ko Saminaka ko Dandume, dole mota ta kai masa kaya ta kuma kwaso daga gare shi. Bambancin shi ne direba zai riƙa kwana a gidansa maimakon ƙarƙashin mota a Tafa ko Marabar Jos.

Tafa da Marabar Jos ɗin ma abin magana ne. Tireloli sun mayar da kafaɗar hanya gareji, nan ake wanki, nan ake sauke inji, baƙin mai da gas na zuba suna cin kwalta. Ban ga laifin direban da ya yi awa goma sha biyar a kan sitiyari ya nemi inda zai runtsa ba. A gina musu fili mai kewaye da ruwa da masallaci da makewayi, sannan a samu bakin hana su tsayawa a titi.

"Mu da muke ta rai, kai kana ta sikeli"

Wani abokina ya faɗa mini haka, yana nufin tsaro. Ban manta ba. Akwai shekarun da in ka doshi Katari da Rijana sai mota ta yi tsit, kowa na jan carbi. Mutane suka gudu jirgin ƙasa, sai ga harin 28 ga Maris 2022, jirgin ya tsaya har Disamba.

Amma ka tambayi kowane direban Sharon inda ya fi tsoro. Zai ce maka inda hanya ta lalace, inda dole ya sauko giya ɗaya, inda babbar mota ta mutu ta tare gaba. Mai tare hanya rami yake nema. Zancen lodi da zancen tsaro ba kishiyoyi ba ne.

Kuma mun ga abin da ake iya yi in an so. A Maris 2017 aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida don gyaran titinsa, aka karkatar da jirage Kaduna. Da yake ministoci da jakadu ne za su bi hanyar nan, cikin 'yan makonni aka cike ramuka, aka jera jami'an tsaro kusan kowace kwana. Na bi ta a lokacin, har barci na yi a mota. Da aka buɗe filin jirgi a Afrilu, kowa ya kwashe kayansa.

Ranar ɗaurin auren nan dai, la'asar sakaliya na shiga Zariya. An shafa fatiha tun tuni, an watse, yayata ta ajiye mini goro da dabino a leda da sauran waina mai sanyi. Ta ce, "Ai da ka taho tun jiya." Na ce in sha Allahu na gaba.

Ranar Lahadi da muka juyo, tirelar tana nan a Tafa. An ja ta gefe an tallafe ta da duwatsu da kututture, wata kuma ta ja baya ta manna mata, 'yan dako na juye buhunan daga wannan zuwa waccan. Ita ma sabuwar an ƙara wa bodinta ƙarfe. Na fara ƙirga buhunan ta taga, ban kai ko'ina ba layinmu ya motsa.